Waiwaye: Yadda Dokar Hana Waya a Tuƙi Ta Kama Hannu Ta Bar Hankali

Duk lokacin da aka tayar da maganar hana direbobi taɓa waya, jama'a kan rabu gida biyu. Wasu na ganin tarar ta yi kaɗan, wasu kuma na cewa ba a raba direban yau da wayarsa, tunda a cikinta yake duba hanya, ta cikinta kuma fasinja ke nemansa. A Najeriya an yi irin wannan ce-ce-ku-ce a ƙarshen 2019, kan ko duba taswirar hanya a waya ana cikin tuƙi laifi ne. Da yawa sun ɗauka sabuwar matsala ce da wayoyin zamani suka zo da ita, alhali tushenta ya girme su da shekaru.

Tun 1946 aka fara haɗa waya da mota a birnin St. Louis na Amurka, amma tsadarta ta sa sai ɗaiɗaikun mutane ke da ita. Sai a shekarun 1990, da wayar hannu ta yi araha, aka fara ganin direbobi da waya a kunne a kowane titi. Dokoki suka biyo baya: Japan a 1999, jihar New York a 2001, Faransa da Birtaniya a 2003. A 2001 ɗin ne layukan GSM suka fara aiki a Najeriya, daga baya kuma amfani da waya a tuƙi ya shiga jerin laifuffukan hanya da ake cin tara a kansu. Wannan tarihin sananne ne. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne abin da ya faru a 1997, kafin a rubuta yawancin waɗannan dokoki.

A watan Fabrairun shekarar, wasu masana biyu na Jami'ar Toronto a Kanada, Donald Redelmeier da Robert Tibshirani, suka wallafa wani bincike a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine. Sun ɗauki direbobi 699 masu wayar hannu waɗanda suka yi haɗarin da ya lalata mota sosai amma bai ji wa kowa rauni ba. Maimakon su dogara da abin da direba zai faɗa da bakinsa, wanda kowa ya san ba lallai ya amsa cewa yana waya ba, sai suka nemi takardun lissafin kiran kowane mutum, suka duba mintuna goma da suka gabaci haɗarin, sannan suka kwatanta da daidai wannan lokaci a ranar da ta gabata. Wato an auna kowane direba da kansa, ba da wani ba, don haka babu damar a ce ai dama masu waya gaggawa gare su. Sakamakon ya nuna cewa yiwuwar yin haɗari ta ninka kusan sau huɗu a lokacin da direba ke waya.

Wannan adadi ya zagaya duniya, har yau ma shi ake ambata a tarurrukan wayar da kai. Amma binciken ya zo da wani sakamako na biyu wanda bai samu irin wannan karɓuwa ba: direbobin da ke magana ta na'urar da ba ta buƙatar riƙe waya ba su fi masu riƙewa tsira ba. Ma'anar wannan babba ce, domin ta nuna cewa haɗarin yana cikin hirar kanta, ba a hannun da ya bar sitiyari kaɗai ba. Bayan shekara tara, masana a Jami'ar Utah suka gwada direbobi a na'urar kwaikwayon tuƙi, suka gano cewa mai waya, ko ya riƙe ko bai riƙe ba, tuƙinsa na lalacewa kwatankwacin na wanda ya sha barasa har iyakar da dokar Amurka ta gindaya.

Wanda ya taɓa zama gefen direban da ke rikicin kuɗi ta waya ya ga abin da ido. Hannayensa biyu na kan sitiyari, idonsa na kan kwalta, amma danja ta ba da hannu bai motsa ba sai da na baya suka cika shi da hon, in kuma ɗan acaɓa ya gifta, ƙafarsa kan makara kafin ta kai birki. Fasinjan da ke hira da direba yana ganin tirela ta taso, sai ya yi shiru da kansa. Wanda ke can ƙarshen layi ba ya ganin komai, ci gaba yake da magana yana jiran amsa.

Duk da haka, kusan duk dokokin da suka biyo bayan 1997 riƙe waya suka haramta, suka ƙyale magana ta lasifika ko na'urar kunne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jami'in da ke tsaye a bakin titi yana iya ganin waya a hannu, ya kuma rantse a kotu cewa ya gani, amma ba shi da hanyar tabbatar da inda hankalin mutum ya tafi. Sannan jama'a kansu ba su shirya rabuwa da kira a mota ba; ɗan kasuwa, likita da direban haya duk suna son a same su a kowane lokaci. A ganina nan ne aka yi asarar da har yau ake biya, domin direbobi sun fahimci dokar a matsayin shaidar cewa muddin hannu ba ya riƙe da waya, babu sauran haɗari.

Ɗaure doka a kan siffar na'ura ya sa kullum na'urar na gaba, dokar na biye. Dokar Birtaniya ta 2003 ta yi magana ne kan amfani da waya don sadarwa da wani, domin a lokacin aikin waya ke nan, kira da saƙo. An yi ta ƙara tara, daga fam 30 har ta kai fam 200 da maki shida na hukunci da ake rubutawa a lasisin direba a 2017, amma kalmomin dokar ba su canja ba. A 2019 Babbar Kotu ta tabbatar da wanke wani direba a Landan da aka kama yana ɗaukar bidiyon wani haɗari da wayarsa yana tuƙi, saboda ɗaukar bidiyo ba sadarwa ba ce. Sai a watan Maris na 2022 aka toshe wannan kafa, aka haramta kusan kowane irin amfani da waya a hannu.

Faransa ta ɗan matsa gaba a 2015 da ta hana direbobi sanya na'urar kunne, sai dai ta bar magana ta lasifikar da aka haɗa cikin mota. A jihar New South Wales ta Ostireliya kuwa, tun ƙarshen 2019 ake amfani da kyamarori masu leƙa cikin mota suna gano direban da ke taɓa waya, wasu ƙasashe kuma sun bi sahu. Kyamarorin sun sauƙaƙa kama masu laifi ƙwarai, amma su ma abin da ke hannu ko kan cinya suke gani, don haka direban da ke hira ta lasifika yana wucewa ƙarƙashinsu ba tare da ya karya wata doka ba.