Zanzaro, ƙudajen da ke kama da shi, da ƙwarin da ke ci da guminsa

Zanzaro suna ne da ya haɗa wasu ƙwari masu siririn ƙugu da ke gina ɗakunan laka a kusurwar ɗaki, ko ƙarƙashin rufi, ko bayan ƙyaure. Dangin rina ne da ƙudan zuma, sai dai ba sa zaman taro: ba sarauniya, ba ma'aikata, kowace mace ita ke gininta, ita ke farautarta. Masana sun raba su gida biyu. Akwai 'yan Sceliphron masu farautar gizo-gizo, akwai kuma irin su Delta da Synagris masu farautar tsutsar ganye. Wanda aka fi gani a Afirka har zuwa kudancin Turai shi ne Sceliphron spirifex, baƙi mai rawayan ƙugu da ratsin rawaya a ƙafafu, tsawonsa wajen santimita 2 zuwa 3. Carl Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Sweden, shi ne ya raɗa masa suna a 1758.

Gini da farauta

Macen takan sauka bakin kududdufi ko gindin randa, ta dunƙula laka da baki, ta tashi da ita. Tana shafe laka tana wani ƙugi siriri, wanda ba komai ba ne face girgiza jiki don lakar ta yi laushi ta kama. In ɗaki ya kammala sai ta shiga farauta. Ba ta kashe gizo-gizon da ta kama. Harbinsa take yi dafin ya shanye masa jiki, domin matacce zai ruɓe kafin ɗanta ya ci, mai rai kuwa yana nan ɗanye. Takan saka ƙwai ɗaya, galibi a jikin gizo-gizon farko, ta cika ɗakin da wasu, ta toshe ƙofa da laka, ta fara wani a gefensa. Ba za ta taɓa ganin ɗan da zai fito ba.

Delta tata dabarar dabam ce: takan rataye ƙwan da wani zare daga saman ɗakin tun kafin ta kawo abinci. Synagris kuwa, kamar yadda Bafaranshe Émile Roubaud ya bayyana a bincikensa na 1916 kan rinar Afirka, a cikinsu akwai masu ciyar da tsutsarsu kaɗan-kaɗan har ta girma. Mazan Synagris cornuta suna da wasu dogayen ƙahonni a muƙamuƙi da suke faɗa da su.

Ganin zanzaro na shigar da tsutsa ɗaki, bayan kwanaki kuma zanzaro ya fito, ya sa mutanen ƙasar Sin na da suka ɗauka ba ya haihuwa, ɗan wani yake ɗauka ya mayar da shi nasa. Wani likita mai suna Tao Hongjing, wanda ya rasu a 536, ya fasa ɗakunan ya tarar da ƙwan zanzaron a ciki.

Ƙudaje masu shigar zanzaro

Tsuntsun da ya taɓa shan harbi ba ya mantawa da kamar abin da ya harbe shi. A kan wannan ne ƙudaje da dama da ba su da makamin harbi ko kaɗan suka dogara. Henry Walter Bates, Baturen Ingila da ya yi shekara 11 a dajin Amazon, shi ya fara bayanin wannan irin kwaikwayo a 1862, kuma da sunansa ake kiransa har yau. Ba wayo ne ƙudan ya zauna ya ƙulla ba. Wanda kamarsa ta fi kusa da ta mai harbi shi ke tsira ya hayayyafa, a hankali har kamar ta zauna a zuri'a.

Cikin waɗannan ba wanda ya kai Systropus, na dangin Bombyliidae. Yawancin 'yan gidansu gajeru ne masu gashi, shi kuwa ya miƙe siriri, cikinsa dogo mai kumburi a ƙarshe, ƙafafunsa na baya suna reto in ya tashi, daidai yadda na zanzaro ke yi. Abin lura shi ne, duk wannan kamar, ba ruwansa da ɗakin zanzaro. Tsutsarsa a jikin tsutsar wasu malam-buɗe-littafin dare na dangin Limacodidae take girma, ta cinye ta a cikin ƙwansonta.

A dangin Syrphidae, mai nau'i wajen 6,000, akwai Ceriana mai dogayen ƙahonnin goshi da baƙin ratsi a gaban fiffike, wanda ke kama da naɗaɗɗen fiffiken rina in ta sauka. Wasu 'yan dangin na Turai da Amurka, irin su Spilomyia, da ba su da dogon ƙaho, sukan ɗaga baƙaƙen ƙafafunsu na gaba suna kaɗawa a gaban kai a madadinsa. In aka kama wasunsu har lanƙwasa ciki suke yi kamar za su yi harbi. Amma yawancin 'yan dangin kamar tasu ba ta kai ta kawo ba, kuma bincike ya nuna ƙanana ne suka fi rashin kyan kwaikwayo, wataƙila don tsuntsu ba ya son yin kasada saboda ƙaramar loma.

Hanyar rarrabewa mai tabbas ita ce fiffike. Ƙuda fiffike biyu gare shi, da wasu 'yan ƙulalai biyu a bayansu da ke daidaita masa tashi. Zanzaro da rina huɗu gare su, ko da yake na gaba da na baya suna sarƙe da juna har su yi kamar ɗaya. Idanun ƙuda ma sun fi girma, sukan cinye kusan duk kan.

Dangin Conopidae, mai nau'i wajen 800, shi ne ya haɗa kama da cuta. Physocephala da Conops sun yi kama da rina ƙwarai, kuma a jikin rina da ƙudajen zuma iri-iri 'ya'yansu ke rayuwa. Macen takan yi kwanto kusa da fure, ta afka wa wanda ta zaɓa, sau da yawa a sama, ta buɗe tsakanin gaɓoɓin cikinsa ta cusa ƙwai, duk cikin ƙiftawar ido. Tsutsar takan fara da ruwan jikinsa, sannan ta koma kan kayan ciki, shi kuwa yana ta yawonsa har ya mutu. An ga wasu manyan ƙudajen zuma na Turai da suka kamu suna tona ƙasa su binne kansu gab da mutuwa, wanda ke ba ɗan ƙudan mafaka har sanyi ya wuce.

Masu shiga ɗaki

Ɗakin laka cike da nama mai rai ba ya rasa masu zawarcinsa, kuma a nan ne kura ke shan bugu gardi na karɓar kuɗi. Ƙananan ƙudaje masu launin toka na jinsin Amobia sukan bi macen zanzaro a baya in ta ɗauko abinci, su jira ta juya, su ajiye tsutsa mai rai a bakin ƙofa. Tsutsotsin sun riga ƙwan mai gida fara ci, don haka ɗan gida da yunwa yake mutuwa, in ma ba a haɗa da shi an cinye ba.

Stilbum cyanurum, wani ɗan uwan rina na dangin Chrysididae mai nau'i wajen 3,000, yana cikin ƙwari mafi kyan gani, kore ne ko shuɗi mai walƙiya. Macen takan huda busasshiyar laka ta saka ƙwanta, ɗanta ya cinye tsutsar zanzaro bayan ta ƙoshi. Fatarta kauri gare ta, in an rutsa ta sai ta dunƙule, harbi ba ya shigarta. Osprynchotus kuma, shi ma ɗan uwan rina, da dogon tsinken saka ƙwai yake ratsa bangon daga waje. Shi Anthrax, ɗan gidan su Systropus, 'yar mitsitsiyar tsutsarsa ce ke neman tsaga ta kutsa da kanta. Da yake ƙuda ba shi da muƙamuƙin fasa laka, tun yana cikin ƙwanso yake huda bango da wasu ƙayoyi na kansa.

Mafi ƙanƙanta ita ce Melittobia, ita ma 'yar uwar rina, wadda ba ta wuce milimita 1 da rabi ba. Mace guda kan zuba ƙwai ɗaruruwa a kan tsutsa ɗaya. Sama da kashi 90 cikin 100 na 'ya'yan mata ne, 'yan tsirarun mazan kuwa makafi ne marasa iya tashi, a cikin ɗakin suke barbara, a ciki suke kashe juna.

Akwai kuma Strepsiptera, nau'i wajen 600, wasu ƙananan ƙwari da ke shiga jikin tsutsar zanzaro ko rina, su zauna a ciki har ta zama babban ƙwaro. Macen ba ido, ba ƙafa, ba fiffike, kuma ba ta fita har ta mutu. Ƙarshen kanta kawai ake hangowa tsakanin gaɓoɓin cikin wanda ta kama. Namijin ke da fiffike, kuma 'yan sa'o'i yake yi a duniya. Wanda suka shiga yakan rasa haihuwa. Ita ma rinar Afirka mai zaman taro, Belonogaster, ba ta tsira ba, domin ƙudajen Anacamptomyia na cin tsutsotsinta a cikin saƙa.

Tsohon gini kan nuna wanda ya ci nasara. Babban rami zagayayye alamar zanzaro ne ya fita, ɗan huji kamar na allura aikin Melittobia ne, busasshen ƙwanso da ya leƙo waje kuma na Anthrax ne. Ɗakin da aka bari ma ba ya zama kango, domin Chalybion, wani zanzaro shuɗi mai sheƙi da ba ya gina nasa, yakan kawo ruwa ya jiƙa lakar, ya share ciki, ya zuba nasa gizo-gizon. Wasu nau'insa da farin abu suke shafe ƙofar in sun toshe.