Taƙaddamar -Werror a ginin Linux

A watan Satumba na 2021, lokacin da ake karɓar sauye-sauyen Linux 5.15, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya saka wata doka a tsarin gina zuciyar Linux (kernel), wato juya kod ɗinta zuwa manhaja mai aiki: daga yanzu duk gargaɗin da manhajar harhaɗa kod ta yi, za a ɗauke shi a matsayin kuskure, ginin ya tsaya cak. Umarnin da ke yin hakan a manhajojin harhaɗa kod na GCC da Clang shi ne -Werror, a Linux kuwa an ɗaure shi da zaɓin CONFIG_WERROR, wanda aka bar shi a kunne ga kowa. Hujjarsa ita ce ya kamata a ko da yaushe ginin ya fito tsaf ba tare da gargaɗi ba.

Cikin kwanaki kaɗan aka soma kuka. Guenter Roeck, mai gwada ginin a kan ire-iren na'urori da yawa, ya ba da rahoton cewa gine-gine masu yawa sun faɗi, Nick Desaulniers na ɓangaren Clang kuma ya nemi a janye dokar. Matsalar ita ce gargaɗi ba ya dogara ga kod kaɗai. Ya danganta da wane harhaɗi ne, wane fitowarsa, da wace na'ura. Misali, a lokacin zaɓin CONFIG_FRAME_WARN na yin gargaɗi idan wani sashen kod guda (function) ya ci wurin ajiya fiye da bait 1024 a yawancin na'urori masu bit 32, ko 2048 a masu bit 64, kuma kunna KASAN, abin gano kurakuran amfani da wurin ajiya, na kumbura wannan wuri. Mafi ciwo shi ne mai neman asalin kwaro, wato kuskure a kod, da git bisect, umarnin da ke komawa kan tsofaffin sauye-sauye don gano wanda ya kawo shi: yana gina tsohon kod da sabon GCC, sai gargaɗin da babu shi a da ya tsayar masa da aiki, alhali ba shi ne abin da yake nema ba.

Mafitar ta zo daga shawarar Marco Elver, ɗaya daga masu aiki a kan Linux: zaɓin ya riƙa kunnuwa da kansa ne kawai idan an kunna COMPILE_TEST, zaɓin masu gini don gwaji. Don haka a lokacin masu gwaji da make allmodconfig, umarnin da ke kunna kusan dukkan zaɓuɓɓuka, suna ƙarƙashin dokar, mai gina wa kwamfutarsa kuwa an sauke masa. Wannan rabo ya fi dacewa, domin nauyin ya koma kan masu iya gyara gargaɗin. Wanda dokar ta tare shi zai iya kashe ta da scripts/config --disable WERROR kafin ya sake gini.