Mene ne fotin a tof silindar injin dizal?

Fotin shi ne gyara siffar hanyoyin iska da ke cikin murfin ƙarfen da ke rufe saman silinda, wanda makanikai ke kira tof silinda, ta hanyar cin ƙarfen kaɗan-kaɗan da ƙaramar giranda. Hanyoyin iri biyu ne: wadda iska ke bi daga manifol (bututun da ke raba wa silindoji iska) zuwa bawul ɗin shiga, da wadda hayaƙi ke bi daga bawul ɗin fita zuwa turbo (na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa inji iska) ko salansa. Da yake zubi ake yi wa tof silinda a masana'anta, akan bar kaushi da 'yan tuddai a ciki, musamman inda aka dasa mazaunin bawul, wato zoben da bawul ke zama a kai idan ya rufe. Waɗannan su ke tare iska.

Dizal ba ya da fulogi mai tartsatsi. Iska zalla fistin yake matsewa har ta yi zafi, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. A lissafi, kilo 1 na man dizal yana buƙatar iska kimanin kilo 14.5, amma a aikace sai an ba shi fiye da haka sosai, don lokacin gaurayar bai kai ƙiftawar ido ba. Wanda ya ƙara mai bai ƙara iska ba, baƙin hayaƙi zai samu da zafi mai iya narkar da fistin.

To amma wanda ya ɗauko dabarar injin fetur ya kawo nan zai yi ɓarna. A injin da ke fesa mai kai tsaye cikin ramin da ke saman fistin, da gangan aka murɗe hanyar shigar iska, don iskar ta shiga tana juyawa kamar guguwa, ta kwashi man da aka fesa ta gauraya shi. A tof mai bawul huɗu, sau da yawa hanya ɗaya murɗaɗɗiya ce, ɗayar kuma miƙaƙƙiya. Mai giranda da bai sani ba sai ya ga murɗin kamar aibi ne, ya share shi. Iska za ta ƙaru a ma'auni, amma injin zai riƙa hayaƙi a ƙaramin gudu, ya ƙara shan mai, ya rasa ƙarfin ja. Masu motocin tsere da ke cusa iska da manyan turbo suna iya sadaukar da wani kaso na juyawar. Motar ɗaukar kaya da janareta ba su da wannan damar.

Haka ma faɗaɗa hanya fiye da kima. Rami ya yi faɗi, saurin iska ya ragu, silinda ba ta cika da kyau idan injin na tafiya a hankali, turbo kuma ya yi nauyin tashi.

Mafi yawan ribar tana cikin santimita biyu zuwa uku na ƙarƙashin mazaunin bawul. A nan ake daidaita gaɓar da ke tsakanin zoben mazaunin da jikin ƙarfen, a rage kaurin tudun da ke kewaye da gaid ɗin bawul (bututun da sandar bawul ke kai-komo a ciki) ba tare da an yanke gaid ɗin ba, a kuma lallaɓa gajeren lanƙwason da ke ƙasan hanyar ya zama sumul. Wannan lanƙwason shi ya fi saurin lalacewa: in aka kwantar da shi da yawa, iska ta daina bin jikinsa, kuma ƙarfen da aka ci ba ya dawowa. Wuyan da ke ƙasan mazaunin a bar shi tsakanin kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na faɗin kan bawul. Sai yankan mazauni mai kusurwa uku, galibi digiri 30 da 45 da 60, ko da yake injinan dizal da dama digiri 30 ne mazaunin bawul ɗin shigarsu, don haka a duba littafin injin kafin a sa wuƙa.

A kula da zurfin bawul. Tazarar fistin da tof a dizal wajen milimita ɗaya ce. Bawul ya nutse da yawa, matsi ya ragu, injin ya ƙi tashi da sanyi. Ya leƙo da yawa, fistin ya buge shi.

Bayan bangon kowace hanya ruwan sanyaya inji ne ke zagayawa, kuma kaurin bangon ba ɗaya ba ne ko'ina. A auna shi da na'urar auna kauri kafin a fara, a bar aƙalla milimita 3. In an gama, a toshe kafofin ruwa a cusa iska don gwada yoyo. Tof ɗin da ya riga ya tsage tsakanin bawul biyu ko kusa da ramin nozul bai cancanci wannan wahalar ba.

Aikin da ba a auna ba, ƙaddara ce kawai. A kan bencin gwajin iska, na'urar da ke auna yawan iskar da ke bi ta hanyar, ake ɗora tof, a ja iska da matsin da aka saba, wato wanda zai ɗaga ruwa inci 28 a bututun awo, a buɗe bawul mataki-mataki ana rubuta adadin da ya wuce, tare da auna juyawar iskar. A fara da silinda ɗaya, a kwafi siffarta ga sauran, don silindar da ta fi 'yan'uwanta ƙarancin iska ita za ta fi su zafi.

Goge hanya har ta yi ƙyalli ba ya ƙara wani abin kirki. Samfefa mai lamba 60 zuwa 80 ta wadatar a ɓangaren shiga, a ɗan ƙara sulɓi a ɓangaren hayaƙi don kada baƙin toka ya riƙa maƙalewa. A sa tabarau da abin rufe hanci, sannan a wanke tof sarai da ruwan zafi da sabulu, a busa kowace kafa, don ɓurɓushin ƙarfe yana cin silinda da fukafukan turbo.

A injin da ba a taɓa turbo da famfon mansa ba, kada a sa ran ƙarin ƙarfi mai yawa. Abin da aka fi gani shi ne raguwar hayaƙi da saukar zafinsa. A sa ma'aunin zafi a manifol ɗin hayaƙi kafin turbo, kuma a doguwar tafiya da kaya kada a bar shi ya zauna sama da digiri 650 zuwa 700 a ma'aunin Selsiyos.