Don Allah a daina ɓoye hannun cikin riga

Mu ma'aikatan sashen gashin ƙashi (fisiyo) na asibiti abu ɗaya muke ta gani har mun gaji. Injin markaɗe ya yanke wa mutum jijiyar yatsa, ko ya faɗi a babur wuyan hannu ya karye. An yi tiyata, ɗinki ya kama, an sallame shi. Bayan wata biyu sai ya dawo da hannu a naɗe cikin riga, yatsu sun sandare kamar icce. Ka tambaye shi ko yana motsin da aka koya masa, sai ya sunkuyar da kai: "Wallahi tsoro nake kada ɗinkin ya ɓalle."

Ɗan'uwana, ban ga laifin tsoronka ba. Tela, makaniki, mai kitso, duk da hannu suke cin abinci. Dare ya yi ka kasa barci kana lissafin yadda za ka ciyar da gida. Amma zullumi da rashin barci suna ƙara wa ciwo zafi, zafi ya hana ka motsi, kumburi ya zauna, jijiyar ta manne da tabo. Jijiyar da aka ɗinka takan kai kimanin mako 12 kafin ta iya aikin ƙarfi, amma motsin a hankali sau da yawa tun makon farko ake fara shi. Kai kuma ka rungume hannu kana jira ya warke da kansa. Ba zai buɗe ba! Yatsan da ya ƙage, wani lokaci sai an sake shiga tiyata.

Ku kuma 'yan dubiya, ku ji tsoron Allah. Ku zauna a gaban majinyaci kuna cewa wane ma haka aka yi masa, hannun bai ƙara moruwa ba. Haba! Hajiya, ke ma idan kin ga ɗanki yana lanƙwasa yatsu yana yamutsa fuska, kada ki ce ya bari. Zauna kusa da shi ki ƙirga masa.

A taƙaice:
- Yi motsin daidai yadda aka nuna maka, kada ka ƙara, kada ka rage.
- Kada ka kwance abin da aka ɗaura maka, kada ka ɗauki bokiti.
- Ɗora hannun a kan filo ya fi ƙirjinka tsayi.
- Sha maganin zafi yadda aka rubuta, ka ajiye taba.

Idan damuwa ta hana ka barci ko ci, faɗa mana, ba abin kunya ba ne. Idan kuma ka ji abu ya tsinke, yatsa ya daina lanƙwasawa, ka zo asibiti a ranar.