Waiwaye: Neman Farar Wuta a Inda Ake Haihuwar Manyan Taurari

Farar wutar nan da 'yan koli ke kasawa a kasuwar Sakkwato, ta maganin ƙazwa da haɗa albarushi, ita ce ta goma a yawa cikin sinadaran sararin samaniya. Amma shekaru da dama ke nan masana taurari suna lissafinta, lissafin ya ƙi cika.

Abin ya faro a 1971, lokacin da Arno Penzias da abokan aikinsa suka kamo siginar iskar CS, wato farar wuta haɗe da kabon, da na'urar rediyo ta Kitt Peak a Amurka. Kowace iska da zangon da take fitar da siginarta, ta nan ake gane ta daga nesa. A 1972 aka gano H2S, wato farar wuta haɗe da haidirojin, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai SO a 1973, sai SO2 a 1975, su kuma farar wuta ce haɗe da oksijin.

Gajimaren Oriyon, wani tarin iska da ƙura a sararin samaniya, shi ne babban filin wannan nema. Duk wanda ya ɗaga kai bayan isha'i a watan Janairu, in hazo ya sassauta, zai ga taurari uku a jere. Gajimaren yana kusa da su, nisansa daga duniya tafiyar haske ce ta shekara 1,300 da ɗoriya. A irin wannan wuri ƙura tana lulluɓe da ƙanƙara. Da tauraro mai girma ya fara ci, sai ya ɗumama kewayensa, ƙanƙarar ta koma iska, abin da ta ɓoye ya fito fili. Shi ya sa ake zuba wa jariran manyan taurari ido.

Matsalar ita ce, a gajimare mai kauri da sanyi, farar wutar da ake iya aunawa ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake tsammani ba. An daɗe ana cewa sauran tana cikin ƙanƙarar a matsayin H2S, har aka so a riƙa ƙiyasta shekarun tauraro da yadda take rikiɗewa zuwa SO2. Dabara ce mai kyau, sai dai an yi gaggawa. Ko na'urar hangen nesa ta James Webb, da aka harba a 2021, ba ta ga H2S a ƙanƙarar ba. Ɗan OCS ta gani, wato farar wuta haɗe da kabon da oksijin, wanda bai kai ya cike giɓin ba.

Yanzu zargi ya koma kan gishirin farar wuta, irin wanda kumbon Rosetta ya samu alamarsa a tauraro mai wutsiya 67P, da kuma farar wuta zalla da ke maƙale a jikin ƙura.