Girgizar ƙwaƙwalwa a wasan zari-ruga na 'yan sha'awa

Girgizar ƙwaƙwalwa rauni ne da ke samuwa idan kai ya bugu, ko jiki ya sha karo mai ƙarfin da ya fizgi kai har ƙwaƙwalwa ta motsa a cikin ƙoƙonsa. A wasan zari-ruga ta fi aukuwa lokacin da ake tare mai ƙwallo don a kayar da shi, kuma mai tarewar ya fi wanda aka tare shiga haɗari, musamman idan ya shiga a miƙe, kansa ya haɗu da kai ko kafaɗar abokin karawa.

A manyan wasannin ƙwararru akwai likitoci da bidiyo da wani gwaji na minti 12 a wajen fili mai suna HIA. Ba a amince da wannan gwaji a wasan 'yan sha'awa ba, wato na makarantu da ƙananan kulob-kulob. Ƙa'idar hukumar zari-ruga ta duniya, World Rugby, a nan guda ce: zargi kaɗai ya isa a fitar da ɗan wasa, kuma ba zai koma fili a ranar ba, ko da ya ce ya warware.

Dalilin tsanantawa

Bugun yana rikita aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Sinadarin fotasiyam ya fice daga cikinsu, kalsiyam ya kwararo, sai su buƙaci ƙarin kuzari don su daidaita, a daidai lokacin da jinin da ke isa gare su ya ragu. Wannan gibi yakan ɗauki kwanaki, kuma bugu na biyu a cikinsa ya fi na farko ɓarna. Hoton ƙwaƙwalwa na asibiti yawanci ba ya nuna komai, domin aikinta ne ya taɓu. Ana ɗaukarsa ne don neman zubar jini ko karayar ƙashi. Suma ma ba sharaɗi ba ce: ƙasa da mutum 1 cikin 10 ne ke suma.

A shekarar 2013 Rowan Stringer, ɗalibar sakandare mai shekara 17 a birnin Ottawa na Kanada, ta rasu bayan ta sake buguwa a wasan zari-ruga alhali raunin baya bai warke ba. Rasuwarta ce ta sa lardin Ontario ya kafa dokar kula da wannan rauni a 2018. Kumburin ƙwaƙwalwa da bugu na biyu ke jawowa, irin wanda ya yi ajalinta, ba kasafai yake faruwa ba, amma yara da matasa ya fi samu.

Ganewa a fili

Wanda ya fara isa wurin ɗan wasan da ke kwance ya fara da numfashi da wuya. Kada a ɗaga shi, kada a ja shi gefe, kada a cire masa hular kai in ba wanda ya sami horo ba, sai an tabbatar wuyansa lafiya. A riƙe kansa yadda aka same shi.

Akwai alamomin da ba a jira a kansu, motar asibiti ake kira nan take: ciwon wuya, jijjiga irin ta farfaɗiya, gani biyu-biyu ko ɗaukewar gani, suma, amai a kai a kai, ciwon kai mai tsanani ko mai ƙaruwa, sanyin jiki ko sagewar hannuwa da ƙafafu, ruɗewa da ke daɗa yawa, tada hankali ba dalili, da lotsewar ƙoƙon kai.

In babu waɗannan, sai a dubi ɗan wasan da kyau. Ya daɗe bai tashi ba? Ya tashi yana tangaɗi, ko ya nufi ɓangaren abokan hamayya? Idonsa ya yi zuru kamar ba ya wurin? Sannan a tambaye shi: a wane fili muke, rabin lokaci na nawa ake ciki, wa ya ci maki na ƙarshe, da wa kuka kara a wasan da ya wuce, kun yi nasara? Kuskure ɗaya ya isa. Amsa duka daidai kuma ba ta wanke shi, idan yana jin jiri, tashin zuciya, hazo a kai, ko haske da ƙara na damunsa. Takardar CRT6, wadda ta fito a 2023 bayan taron masana na birnin Amsterdam a 2022, ta tattara waɗannan matakai don koci da alƙalin wasa da iyaye. Akwai kuma wata takardar gwaji mai suna SCAT6, amma ita ta ma'aikatan lafiya ce kawai.

Inda aka fi yin kuskure shi ne tambayar ɗan wasa ko zai iya ci gaba. Kusan kullum zai ce e, don kishin ƙungiya, kuma ƙwaƙwalwar da za ta yanke hukuncin ita ce ta ji rauni. Alƙalin wasa na da ikon fitar da shi ko koci bai so ba. A Niyuzilan da Ostireliya akwai shuɗin kati da ake ɗagawa domin wannan.

Awa 48 na farko

Alamomi kan iya ɓoyewa su bayyana bayan wasu awanni. Saboda haka ba a barinsa shi kaɗai a awa 24 na farko, ba zai tuƙa mota ko babur ba, ba giya, ba maganin barci. A sanar da wanda zai kwana da shi alamomin haɗari, a kuma ga ma'aikacin lafiya cikin awa 24. Farasitamol ya wadatar ga ciwon kai. A guji asfirin da ire-irensa a farko saboda suna iya ƙara zubar jini. Barci yana taimakawa. An daina ba da shawarar kulle mutum a ɗaki mai duhu: ya rage kallon waya da talabijin, ya yi 'yan harkokin gida da ɗan tattaki.

Komawa wasa

Karatu da aiki ne kan gaba, wasa ya biyo baya. Ana farawa da tafiya ko keken motsa jiki na tsaye, bugun zuciya bai wuce kusan kashi 55 cikin 100 na iyakarsa ba, daga baya kashi 70. Sai gudu da atisaye shi kaɗai, sai atisaye da ƙungiya ba tare da karo ba, sai atisaye mai karo, sai wasa. Kowane mataki awa 24 ne aƙalla. Idan alamomi sun ɗan motsa, bai fi maki 2 a ma'aunin 0 zuwa 10 ba, kuma suka lafa cikin awa ɗaya, ana iya ci gaba. In sun wuce haka a tsaya, a sake gwadawa washegari.

Kundin ƙa'idojin da Birtaniya ta fitar a watan Afrilun 2023 ya ce sai an yi kwana 14 ba wata alama kafin atisaye mai karo, kuma ba a shiga gasa kafin kwana na 21. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma ya shafi kowane wasa: wanda aka dakatar a kulob bai kamata ya je ya buga wa makaranta ba, shi ya sa rubuta raunin da sanar da ɗaya ɓangaren ke da muhimmanci. Yawancin manya kan warware cikin mako biyu, yara kan kai mako huɗu. Wanda ya haura kwana 28 da alamomi, ko ya sha samun raunin, sai ƙwararren likita.

Rigakafi

Hular kai mai laushi tana kare fata da kunnuwa, robar baki tana kare haƙora, amma hular ba ta hana ƙwaƙwalwa motsawa, kuma takan sa wasu su riƙa shiga da ka. Abin da ya fi tasiri shi ne yadda ake tarewa: a durƙusa, kafaɗa ta fara taɓawa, kai ya kasance a gefe ko bayan cinyar mai ƙwallo. A 2023 World Rugby ta ba ƙasashe shawarar gwada saukar da iyakar tarewa zuwa ƙasa da ƙashin ƙirji a wasan 'yan sha'awa, kuma Ingila ta fara aiki da hakan daga 1 ga Yulin shekarar.