Waiwaye: Ƙawancen tsofaffin birane, daga Coventry har ganuwar Zazzau

Ranar Asabar muna lambun Gamji na Kaduna ni da wani abokina, mun tsaya gefen gadar nan ta Lugga wadda aka kafa a Zungeru a 1904 aka ciro ta aka kawo Kaduna a 1954, yara sai ɗaukar hoto suke ba wanda ya damu da daga ina take. Shi ne ya ce wai me zai hana Kaduna ko Zariya su ƙulla ƙawance da wani tsohon birni na Turai a riƙa gyara mana kayan tarihi. Na ce masa malam tsaya mu ga inda abin ya faro tukuna.

Daga yaƙin duniya na biyu ya fito fa. Jiragen Jamus sun ragargaza Coventry ta Ingila a 1940, can kuma Stalingrad ta Rasha ta sha nata wanda ya fi muni, sai matan Coventry su 830 suka yi karo-karo suka ɗinka sunayensu a jikin mayafin tebur suka aika musu, a 1944 garuruwan biyu suka zama ƙawaye. A 1959 Coventry ta ƙulla har da Dresden ta Jamus, garin da jiragen Ingila da Amurka suka ƙone. Shugaba Eisenhower ya kawo irin wannan tsari Amurka a 1956. Lokacin zumunci ne kawai, musayar ɗalibai da ziyarar magadan gari. Mu ma nan mun ɗan ɗanɗana, don mutanen majami'ar Coventry na cikin waɗanda suka taimaka aka yi yarjejeniyar zaman lafiya ta malaman addini a Kaduna a 2002.

Maganar gini da ganuwa ta shigo ne bayan UNESCO ta fito da yarjejeniyar kayan tarihi na duniya a 1972. Kyoto ta Japan ta kira taron tsofaffin birane a 1987, a 1993 kuma a Fas ta Maroko aka kafa ƙungiyar biranen tarihi mai hedikwata a Quebec ta Kanada. Gidauniyar Aga Khan ta ɗauki jujin da ya yi ɗaruruwan shekaru a Alƙahira ta mai da shi lambun Al-Azhar aka buɗe a 2005, garin tono ma sai ga ganuwar zamanin Salahuddin ta fito daga ƙarƙashin shara.

Amma wanda ya fi kama da namu shi ne Mali, don su ma ginin ƙasa ne. Da 'yan bindiga suka farfasa hubbarorin waliyyai a Timbuktu a 2012, kuɗin gyara daga waje ya zo, gaskiya ne, amma maginan garin ne da hannunsu suka sake tayar da guda 14 zuwa 2015, saboda sana'ar tana nan a gidajen da suka gada. A Djenné duk shekara gari kaf ke fitowa yaɓen masallaci, mata na ɗebo ruwa samari na hawa da kwandon laka, baƙo in ya zo da kuɗi ya tarar da masu aiki. Agadas nan kusa ta shiga jerin UNESCO a 2013 da hasumiyarta ta ƙasa mai tsayin mita 27.

Mu kuwa Najeriya duka wuri biyu gare mu a jerin, Sukur a 1999 da kurmin Osun na Osogbo a 2005, ganuwar Kano tun 2007 take layin jira. Kaduna ba ta rasa baƙi ba, masanin tsara birane Max Lock da mutanensa daga Ingila sun zana mata taswira a 1967 wadda ta hango har 2017, sannan aikin sabunta birni na 2019 ya zo da kamfanin China, aka yi tituna da sabuwar gadar Kawo. Wallahi an ji daɗin hanya, amma wannan kwangila ce, an biya an tafi.

Je ka Zariya ka gani. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda masana gini ke tasowa daga nesa su kalli bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufinsa, a shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage da ginin siminti. Ganuwa kuwa na ga da idona inda aka ɗebi ƙasarta aka yi gini, wani wurin gida ya hau kanta, damina na cin saura. Masu iya yaɓen makuba da jera azara sun tsufa, jikokinsu bulo suke bugawa ko suna kan mashin, kuma ban ga laifinsu ba tunda ba mai kiran su aiki.

Shi ya sa na ce wa abokina in dai ƙawance za a yi, ni da Agadas ko Damagaram zan fara, mota za ta kai ka, Hausa za ku yi, maginansu su zo damina ɗaya ta wuce su kama gefe guda na ganuwa wajen Ƙofar Doka da yaranmu. Ya yi dariya ya ce ai wannan tafiyar ba alawus ɗin dala a ciki, wa zai sa hannu.